Lamba Ba Awo Ba Ce: Raddi Ga Masu Koyar Da Auna Haske Da Ka

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu cikin darussan haɗa ƙananan mutum-mutumi, kuma a kanta nake son mu yi magana yau. Ɗalibi zai haɗa ƴar na'urar nan mai jin haske da ake kira LDR da allon Arduino, ya karanta lambar da ta fito tsakanin 0 da 1023, ya matse ta ta koma tsakanin 0 da 100, sa'an nan ya rubuta a littafinsa cewa hasken ɗakin "kashi 63 cikin ɗari" ne. Wani ma ya fi shi ƙarfin hali: ya kwafo lissafi daga intanet, kwamfuta ta nuna masa "luks 347.82", ya ja layi biyu a ƙarƙashi, malami ya sa hannu. Kashi 63 cikin ɗari na mene ne? Wa kuma ya shaidi wannan ɗigo 82?

Matsayina a fili yake. Wannan lamba ba awon haske ba ce, kuma koyar da ita a matsayin awo cutar da ɗalibi ne. Ba na ganin laifin na'urar, domin tana yin abin da aka ƙera ta dominsa. Ba na ganin laifin ɗalibi, domin abin da aka ba shi ya karɓa. Laifin yana wuyan masu rubuta darussa da masu koyar da su, kuma ni ma na daɗe a cikinsu kafin wani abu ya same ni a bainar jama'a, wanda zan ba da labarinsa a gaba.

Me lambar take faɗi?

Allon Arduino Uno ba ya ganin haske. Abin da yake iya yi shi ne ya kwatanta ƙarfin lantarkin da ya shigo ƙafarsa da wani ƙarfi da ya riƙe a matsayin ma'auni, wanda a al'ada bolt 5 ne, ya raba tazarar gida 1024. Kowane mataki kimanin milibolt 4.9 ke nan. Ita kuwa LDR, wadda akasari da sinadarin kadmiyom salfaid ake yin ta, turjiyarta ga wucewar lantarki ce ke raguwa idan haske ya ƙaru. Wannan hali na wasu sinadarai tsoho ne a ilimi: tun 1873 Willoughby Smith ya lura da shi a jikin seleniyom. Ana jera LDR da wata turjiya tsayayya, sau da yawa mai kilo'om 10, a ɗauki lantarkin da ke tsakaninsu. Saboda haka tsakanin hasken da ya faɗo da lambar da ta fito akwai tsani mai hawa uku: haske ya zama turjiya, turjiya ta zama bolt, bolt ya zama lamba. Kowane hawa yana da nasa kuskure, kuma darasin da bai ambaci ko ɗaya ba ya ɓoye wa ɗalibi rabin karatun.

Abu na farko da ake cakuɗawa shi ne ma'anoni uku da ya kamata a rarrabe. Akwai ƙanƙantar mataki, wato mafi ƙarancin canjin da na'ura za ta iya nunawa. Akwai maimaituwa, wato na'urar ta ba da amsa iri ɗaya in an sake gwaji. Akwai kuma gaskiyar awo, wato kusancin amsar da ainihin abin da ake aunawa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san bambancin. Mudun da aka buge gindinsa ya lotsa ciki zai ba ka awo iri ɗaya sau ɗari, ba ya canza magana, amma duk sau ɗarin tauye ka yake yi. Allon da ke raba bolt 5 gida 1024 yana da ƙananan matakai. LDR da ke ba da 612, 613, 612 tana da maimaituwa. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya ce uffan game da gaskiyar awo, amma masu darussa sai su nuna wa ɗalibi lambar da ta tsaya cik su ce masa na'urarsa daidai take.

Bari mu yi lissafi

Mu ɗauki LDR da ta fi yawa a kasuwa, mai lamba GL5528. Takardar bayanin masana'anta tana cewa a hasken luks 10 turjiyarta tana iya kasancewa ko'ina daga wajen kilo'om 10 har zuwa 20. Ka lura, wannan alkawarin masana'anta ne game da lafiyayyun na'urori, ba waɗanda suka lalace ba. To ka sayi guda biyu daga leda ɗaya, ɗaya ta faɗo a 10, ɗaya a 20, ka jera kowace da turjiyar kilo'om 10, ka ajiye su gefe da gefe ƙarƙashin fitila ɗaya. Ta farko za ta ba ka kimanin 511, ta biyu kimanin 341. Bambancin mataki 170 ke nan, alhali haske ɗaya ne. Wanne ne "kashi cikin ɗari" na gaskiya, 50 ko 33?

Idan aka juya zuwa luks abin ya fi muni. Turjiyar LDR ba ta bin haske a miƙe. Takardar tana ba da wani adadi da ake kira gamma, wanda a wannan na'ura yake kusan 0.7, ma'ana idan haske ya ninka sau goma turjiya tana raguwa ne kimanin sau biyar kawai. Sakamakon haka, kuskuren ninki biyu a turjiya yana zama kuskuren ninki kusan 2.7 a luks. Ɗalibin da ya rubuta 347.82 yana iya zama a ɗakin da haskensa bai kai 200 ba, ko wanda ya haura 500. Lambobi biyar ya rubuta, ko ta farko ba shi da tabbacinta.

Ga kuma abin da rarraba 0 zuwa 100 ke ɓoyewa. Mu ɗauki na'ura matsakaiciya mai kilo'om 15 a luks 10, mu bi lissafin nan a takarda. A luks 10 allo zai nuna kimanin 409. A luks 100, kimanin 787. A luks 1,000, kimanin 965. A luks 10,000, kimanin 1011. A luks 100,000, wanda shi ne gwargwadon tsakar rana mai ƙarfi, kimanin 1021. Ninki goman farko ya cinye mataki 378, ninki goman ƙarshe kuwa mataki 10 kacal ya samu. Kuma takardar bayanin ƙwaƙwalwar da ke kan Uno, wato ATmega328P, ta yarda da kuskuren mataki biyu sama ko ƙasa. Har ila yau, gamma ɗin nan tsakanin luks 10 da 100 masana'anta suka auna shi, don haka duk abin da ya wuce nan hasashe ne muka ɗora a kansa. Wanda ya ce wa ɗalibi 1011 da 1021 duk "kashi 99" ne ya haɗa inuwar rumfa da tsakiyar fili ya ba su suna ɗaya.

Luks awon idon mutum ne

Akwai wata matsala da ta fi wannan zurfi, wadda ko ambatonta ba a yi. Luks shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, kuma an gina shi ne a kan yadda idon ɗan Adam yake jin launuka. Ido ya fi jin haske mai tsawon zango nanomita 555, wato kore mai ratsin rawaya, kuma hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da awon haske, CIE, ta tsayar da jadawalin wannan tun 1924. Na'urar da ba ta ji launuka yadda ido yake ji ba, ba za ta ba da luks na gaskiya ba sai a ƙarƙashin irin fitilar da aka gwada ta da ita. LDR ta ɗan yi kusa, domin ƙololuwar jinta wajen nanomita 540 take, amma siffar jin nata ba ta ido ba ce. Na'urorin da aka yi da silikon kuwa sun fi jin infared, hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani sam. Rana da tsohon ƙwan fitila mai zare suna fitar da infared mai yawa, farin ƙwan LED kuwa kusan babu. Ɗakuna biyu da ido zai ce haskensu ɗaya, na'urar silikon za ta ce sun yi nisa da juna. Dalilin da ya sa ke nan aka sa idanu biyu a cikin TSL2561, ɗaya mai jin duka, ɗaya mai jin infared kaɗai, domin a cire na biyu daga na farko.

Ƙari a kan haka, LDR tana da nawa kuma tana da ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki millisakan ashirin zuwa talatin kafin ta bi canjin haske, kuma komawarta ga cikakkiyar turjiyar duhu tana ɗaukar daƙiƙoƙi. Wadda ta kwana a aljihun jaka da wadda ta wuni a rana ba sa ba da amsa ɗaya nan take ko da an haɗa su ƙarƙashin fitila guda. Zafi ma yana taɓa ta, musamman a ƙaramin haske. Masana'anta a ma'aunin zafi 25 suke gwajinsu, mu kuwa a watan Afrilu ajinmu yakan kai 40.

Abin da ya same ni

Shekarun baya na shirya wasu ɗalibai domin nuna mutum-mutumi mai bin baƙin layi a wani bikin makaranta. Mun yi mako biyu muna gwaji a cikin aji, a kan farin kwali da baƙin salatif. Na koya musu abin da na kwafo: in lamba ta haura 500 fari ne, in ta gaza baƙi ne. Bai taɓa kuskure ba a ajin. Ran biki aka fitar da teburin ƙarƙashin rumfa saboda yawan baƙi. Aka ajiye shi, ya miƙe ɗoɗar, ya tsallake layin kamar babu shi, ya faɗo daga teburin. Hasken rana da ke shigowa ta gefe ya ɗaga lambobin duka, fari da baƙi suka haye 500 tare. Yarinyar da ta rubuta umarnin ta juyo ta ce da ni, "Malam, a ina na yi kuskure?" Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ni na ba ta 500 kamar wata doka ce ta halitta, alhali lamba ce da ta dace da wani ɗaki, da wata fitila, da wata na'ura, a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba.

Da na zauna na bincika, sai na ga abubuwan da na tsallake duk a rubuce suke. Na'urar TCRT5000 ta kamfanin Vishay, wadda ake yawan sa wa masu bin layi, tana haska infared mai nanomita 950, kuma ta fi aiki a tazarar milimita 2.5 daga ƙasa. Ɗaga ta da ƴan milimita yana sauya amsar ƙwarai, don haka taya mai ɗan lanƙwasa ko kwali mai tudu sun isa su rikita ta. Ba kowane abu baƙi ga ido ne baƙi ga infared ba, kuma salatif mai sheƙi yana iya mayar da haske kamar madubi. Ƙurar hunturu in ta kwanta a fuskar na'ura tana rage abin da ke shiga. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da darasin da na kwafo ya ambata.

Hujjojin da ake kawowa

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Na farko: ai wasan yara ne, ba ɗakin bincike ba. Amsata ita ce a wasan yaran ne ɗabi'a take kafuwa. Yaron da ya saba rubuta lambar da bai san asalinta ba yana ɗan shekara goma sha biyar, shi ne gobe zai auna farantin sola ya ce wa mai gida ya isa, ko ya karanta na'urar asibiti ya rubuta sakamako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma wa ya ce gaskiya sai a ɗakin bincike ake bin ta?

Na biyu ya fi ƙarfi, kuma na yarda da rabinsa: mutum-mutumi ba ya bukatar luks, bukatarsa kawai ya san ina ya fi haske. Gaskiya ne. Kunkurun lantarkin da William Grey Walter ya haɗa a Bristol ta Ingila a 1948 da 1949, Elmer da Elsie, sun bi haske ba tare da sun san luks ba. Wasu daga cikin motocin tunani da Valentino Braitenberg ya bayyana a littafinsa na 1984 ido biyu da inji biyu kawai gare su. To amma in kwatanci ake yi, a kira shi kwatanci, a daina liƙa masa sunan awo. Sa'an nan kwatancin ma yana da sharaɗi. Ka tuna na'urori biyun nan masu ba da 511 da 341 a haske ɗaya. Ka sa ɗaya a dama ɗaya a hagu, mutum-mutuminka zai rantse cewa gefe ɗaya ya fi haske, ya yi ta karkata can ko da fitilar tana gabansa sak. Wanda ya guje wa daidaita na'ura da sunan kwatanci kawai yake yi, kwatancin nasa ma ya ɓaci.

Na uku: ba mu da kuɗin sayen ma'aunin luks. Wannan uzuri ne na rashin rubuta luks, ba uzurin rubuta luks na ƙarya ba. Wanda ba shi da sikeli ba ya ɗaga buhu ya ce kilo 48 da ɗigo 35 ne. Manhajar wayar hannu ma ba mafita ba ce, domin wayoyi biyu sukan saɓa wa juna a wuri ɗaya.

Na huɗu: a sayi na'ura mai ba da luks kai tsaye, magana ta ƙare. BH1750 ta kamfanin ROHM ta fi LDR nesa ba kusa ba, tana ba da lamba daga luks 1 zuwa 65,535, kuma an tace ta ta kusanci ido. Amma takardarta da kanta ta ce a yi tsammanin bambancin kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa. In ta ce 500, gaskiyar tana wajen 400 zuwa 600. Tsakar rana mai ƙarfi kuma tana iya wuce iyakar awonta na yau da kullum. Masana'anta sun faɗi gaskiya game da kayansu, mu ne muke share ta idan mun zo koyarwa.

Na biyar: a ɗauki karatu ɗari a fitar da matsakaici. Wannan yana maganin rawar lamba, yana rage ta kimanin sau goma in karatu ɗari ne. Ba ya taɓa kuskuren da ya zauna a gindi. Ka auna da lotsattsen mudu sau ɗari ka raba, lotsattsen awo za ka samu.

Abin da ya kamata a koyar

Ba na kiran a sayi kaya masu tsada. Abin da nake nema a darasi ɗan kaɗan ne, kuma kusan kyauta.

A koya wa ɗalibi ya rubuta ɗanyar lamba da sunanta, "karatun allo 612", tare da yanayin da aka ɗauke ta: wace na'ura, wace turjiya, wace fitila, wace tazara, wane lokaci.

A hana shi kwafo iyaka. Kafin kowace tafiya, mutum-mutumi ya karanta fari, ya karanta baƙi, a wurin da zai yi aikin, ya sa iyakarsa a tsakiya, kuma kowane ido da nasa. Ko kayan LEGO Mindstorms, da aka yi domin yara, sun tanadi hanyar yin wannan. In tazarar fari da baƙi ta yi ƙanƙanta, ya tsaya ya ba da alama, kada ya yi ta tafiya a makance.

A koya masa cire hasken waje: ya karanta da fitilar na'urar a kashe, ya karanta da ita a kunne, ya ɗebe na farko daga na biyu. Ya kuma yi wa idon ƴar rumfa da baƙin kwali, domin na'urar da rana ta cika ta babu lissafin da zai cece ta.

A nuna masa ƙyaftawar fitila. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka dogon ƙwan fitila na da, da ƙwayayen LED masu araha da yawa, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Arduino yana ɗaukar karatu ɗaya cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu goma na daƙiƙa, saboda haka ido mai sauri zai kama wani lokaci ƙololuwa, wani lokaci kwari. Maganinsa a tara karatu na tsawon millisakan 20 a raba. A Amurka wutarsu sau 60 take juyawa, lokacin da suka zaɓa a darasinsu ba lalle ya dace da mu ba, kuma ƙaramin janareto ba ya tsayawa a 50 daidai.

A ƙarshe, a sa shi ya gwada na'urarsa da dokar da ba ta bukatar kuɗi. Haske daga ƙaramar fitila yana raguwa da murabba'in nisa: a ninka nisa, haske ya koma rubu'i. A cikin ɗaki mai duhu, ya ajiye ƙaramin ƙwai a santimita 20, sa'an nan 40, sa'an nan 80, ya lissafa turjiyar a kowane wuri. In gamma 0.7 ne, turjiyar za ta ninka kimanin sau 2.6 a kowane mataki. In ya sami wani adadi dabam, ya gano gamma ɗin tasa na'urar da hannunsa. Ya kuma karkata idon da digiri 60 ya ga hasken da ke faɗa masa ya koma rabi, kamar yadda Johann Heinrich Lambert ya bayyana a 1760. Awo da tef ɗin tela da tocila kawai, amma darasi ne da ya fi kwafar lissafi goma.

Ga ƴan'uwana masu koyarwa da masu rubuta bayanan karatu: ku koma ga darussanku ku duba. Duk inda kuka rubuta luks ba tare da kun gwada da ma'auni ba, ku goge. Duk inda kuka ba da 500 ba tare da kun faɗi inda ta fito ba, ku gyara. Kai kuma ɗalibi, ranar da na'ura ta nuna maka lamba, kafin ka rubuta ta ka tambayi malaminka da me aka gwada ta, kuma kuskurenta ya kai nawa. In ya ce bai sani ba, ku ɗauko tocila da tef ku auna tare.